Wasiƙar neman gurbin jami'a: ina aikin iyaye ya tsaya, ina na yaro ya fara?

Daga farkon watan Oktoba zuwa cikin Fabrairu, lokaci ne da ɗaliban ajin ƙarshe na lise, da waɗanda suka riga suka samu takardar bak, ke haɗa takardun neman gurbin karatu a jami'o'in waje. Yawancin abin da ake nema iyaye sun san shi: takardar haihuwa, makin jarrabawa, fasfo, hoto da shaidar kuɗi. Sai dai akwai takarda ɗaya da ba a karɓowa daga wani ofis. Ita ce rubutun da ɗalibi zai yi da kansa, ya faɗi ko shi wane ne, abin da yake son karantawa, da dalilin da zai sa a ɗauke shi. A Faransanci ana ce mata lettre de motivation. A Amurka kuwa ta fi kama da ɗan gajeren labari daga rayuwar mai nema.

Ga iyaye da yawa a Garwa, Marwa, Yawunde, Njamena ko zangon Kumasi, wannan baƙon abu ne. Abin da aka saba da shi a yankinmu shi ne maki ya yi magana: bak da jarrabawar konkur a Kamaru da Chadi, WASSCE a Gana, JAMB a Najeriya. Don haka idan yaro ya zo da maganar wasiƙa, wasu iyayen sukan ɗaga hannu su ce ba su da ilimin abin, wasu kuma su ba shi kuɗi ya je shagon intanet a rubuta masa. Duka biyun na iya jawo asarar shekara guda, da kuɗin dosiye da ba a mayarwa. Alhali kuwa taimakon da ya fi amfani a wannan aiki yana hannun iyaye, ko da ba sa karanta Faransanci ko Turanci.

Abin da kowace ƙasa ke nema

A Amurka ne wannan rubutu ya fi samun gindin zama. Jami'o'i fiye da 1,000 na karɓar takardu ta kafa ɗaya mai suna Common App, wadda aka kafa a 1975. Kafar na buɗewa ranar 1 ga Agusta kowace shekara. Ɗalibi zai zaɓi ɗaya daga cikin tambayoyi bakwai, ya yi rubutun da bai gaza kalmomi 250 ba, bai kuma wuce 650 ba. Tambayoyin sun shafi asalin mutum, wata matsala da ya fuskanta da abin da ya koya daga gare ta, ko wani batu da ke ɗauke masa hankali. Ta bakwai ta ba shi dama ya zaɓi batun da yake so. Rubutu ɗaya ne ke tafiya ga duk jami'o'in da ya nema, ko da yake da yawa daga cikinsu na ƙara nasu gajerun tambayoyi.

A Ingila hukumar UCAS ce ke karɓar takardu, kuma iyakar rubutun haruffa 4,000 ne. Ga masu shiga jami'a daga 2026 an raba shi zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan fanni, yaya karatunka ya shirya ka, me kuma ka yi a wajen makaranta da zai taimaka maka.

Faransa tana da ƙofofi biyu. Akwai Parcoursup, wadda ta fara aiki a 2018, inda wasiƙar ba ta wuce haruffa 1,500 a mafi yawan fannoni, wato ƙasa da rabin shafi. Akwai kuma Études en France, wadda Campus France ke kula da ita, kuma ita ce hanyar da mafi yawan ɗalibai mazauna Kamaru, Chadi, Benin, Togo, Kwaddibuwa, Gana da Najeriya ke bi. Mai neman shekarar farko ta jami'a yana da zaɓi uku kawai, kuma ana rufe karɓa ne a tsakiyar Disamba. Kowane zaɓi na buƙatar nasa bayanin dalili. Bayan haka sai a kira ɗalibin ganawa, a yi masa tambayoyi baki da baki.

Haka abin yake a wasu wuraren da yaranmu ke nema. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda aka saba buɗewa daga Janairu zuwa Fabrairu, yana neman rubutun manufa, sannan ganawa ga waɗanda suka tsallake matakin farko. Jami'ar Ashesi da ke Berekuso a Gana, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, ita ma tana neman rubutu daga masu son shiga.

Tsarin ya bambanta, amma abin da mai karantawa ke nema kusan ɗaya ne. Makin jarrabawa yana gabansa, ya riga ya gani. Yana so ya san mutumin da ke bayan makin, ko ya fahimci abin da yake nema, ko kuma zai iya jurewa idan karatu ya yi zafi a garin da ba shi da kowa.

Kayan aro ba ya rufe katara

A shagunan intanet da yawa akwai wasiƙa ɗaya da aka ajiye a kwamfuta, ana canja suna da fanni a sayar wa kowa. Takan fara da cewa tun yana ƙarami ɗalibin ke ƙaunar wannan fanni, ta yabi ingancin karatun ƙasar da ake nema, ta ƙare da alkawarin dawowa don gina ƙasa. Ma'aikacin da ke karanta ɗaruruwan wasiƙu a mako ya ga irinta ba adadi. Ba ta faɗa masa komai game da wannan yaro ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. A ganawar Campus France yaro ne kaɗai zai zauna gaban mai tambaya, babu baba, babu kawu, babu wanda ya rubuta masa. Idan wasiƙar ta ce yana sha'awar wani darasi da ake koyarwa a wata jami'a, za a iya tambayarsa me darasin ya ƙunsa, a wane gari jami'ar take, me zai yi da shi bayan ya gama. Wanda bai rubuta da kansa ba a nan yake daburcewa. Haka nan idan makinsa na Faransanci matsakaici ne, amma wasiƙarsa ta fito kamar ta lauya, mai dubawa zai sa alamar tambaya a kan dosiyen gaba ɗaya.

Hukumomin ma sun ɗauki matakai. UCAS na bi da kowane rubutu ta manhajar da ke gano kwafi, tana kuma sanar da jami'o'i idan ta ga kamanceceniya mai yawa. Common App na ɗaukar miƙa rubutun wani, ko wanda manhajar ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ta samar da ainihin abin da ke cikinsa, a matsayin maguɗi. A 2024 jami'ar Duke ta Amurka ta daina ba rubutun ɗalibai maki na lamba, saboda ba ta da tabbacin cewa su suka yi shi, ko da yake tana ci gaba da karantawa don ta san mai nema.

Amurkawa sun ga inda zumuɗin iyaye ke kaiwa. A 2019 aka bankaɗo badaƙalar da aka fi sani da Varsity Blues, inda attajirai suka biya wani mai ba da shawara, Rick Singer, don a gyara wa 'ya'yansu jarrabawa ko a ƙirƙira musu tarihin wasanni. 'Yar fim Felicity Huffman ta biya dala 15,000, kotu ta yanke mata kwana 14 a gidan yari. Wasu daga cikin yaran ba su ma san abin da aka yi da sunansu ba, amma sunan nasu ne ya ɓaci, wasu kuma suka rasa gurbinsu.

Yabon kai da kunya

Akwai wata wahala da ta shafi gidajenmu musamman. An tarbiyyantar da yaro a kan cewa yabon kai jahilci ne, kada ya yi yawan magana gaban manya, kada ya ce shi ya yi kaza. Sai ga shi yana da shekara 17 ko 18 an ce ya cika shafi da labarin kansa. Yara da yawa sukan gudu zuwa ga manyan kalmomi marasa mai, irin su ci gaban Afirka da hidima ga al'umma, domin faɗin waɗannan bai saɓa wa kunya ba.

A nan ne kalmar iyaye ke da nauyi. Idan uba ko uwa suka nuna wa yaro cewa faɗin abin da ya yi da gaske ba fahariya ba ne, shaida ce kamar wadda ake bayarwa gaban alƙali, zai saki jiki. Bambancin a fili yake. Wanda ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne da riƙon amana ya yabi kansa, kuma babu mai iya tantancewa. Wadda ta rubuta cewa shekara uku ita ke riƙe da littafin bashi na shagon mahaifinta, kuma ita ta gano cewa kayan da suka fi fita ba su ne suka fi kawo riba ba, ba ta yabi kanta ba. Ta faɗi abin da ya faru, mai karatu ya yanke hukunci da kansa.

A wasu gidajen alkunya kan hana uwa ko uba zama su yi doguwar hira da ɗan fari. Wannan ba ya hana aikin tafiya. Kawu, gwaggo, baffa, yaya ko kaka na iya ɗaukar wannan matsayi, kuma sau da yawa yaro ya fi sakewa da su.

Hira kafin alƙalami

Babban abin da ke tsayar da ɗalibi shi ne rashin sanin abin da zai faɗa. Yana ganin rayuwarsa ba ta da wani abin labari, domin a makaranta ba a taɓa ba shi maki a kan ta ba. Iyaye kuwa sun riƙe abin da shi ya manta. Sun san ranar da ya kwance rediyon gida ya mayar, sun san shekarar da ya riƙa kai kakarsa asibiti yana yi mata tafinta tsakaninta da likita, sun san lokacin da ya faɗi jarrabawa ya sake zama.

Hirar za a yi ta da Hausa, a tsakar gida, ba tare da takarda a gaba ba. Tambayoyi masu sauƙi sun wadatar. Wane darasi ne kake karantawa ko ba a sa ka ba? Wane abu ne ka gani a unguwar nan da ya dame ka, har ka yi tunanin yadda za a gyara shi? Da ka faɗi lissafi a aji na biyu, me ka canja? Idan yaro ya ba da amsa a dunƙule, sai a ce masa ya ba da misali, yaushe ne, a ina, wa ke wurin. Mai tambaya ya yi haƙuri da shiru, kada ya cike masa amsa. Bayan hirar yaro zai tafi ya rubuta abin da ya fito, da harshen da ake nema.

Yaran Hausawa da suka tashi a wajen ƙasar Hausa suna da wata dukiya da ba su cika lura da ita ba. Yaron unguwar Briqueterie a Yawunde na iya jin Hausa a gida, Fulatanci a kasuwa, Faransanci a lakwal, Larabci a makarantar allo. Na Njamena ya ƙara da Larabcin Chadi, na Kumasi ya ƙara da Tuwi da Turanci. Wanda ya haddace izu da dama kafin ya shiga boko ya san abin da ake nufi da tashi da asuba a yi karatu kullum tsawon shekaru. Wanda ke bin mahaifinsa fataucin goro ko shanu ya san canjin sefa da naira, ya san yadda ake ciniki da wanda ba ku jin yaren juna. Duk waɗannan kayan rubutu ne, muddin yaro ya nuna abin da suka koya masa da yadda suka haɗu da fannin da yake nema.

Sai a lura da bambancin ƙasa. Rubutun Amurka yana son labari ɗaya da aka bi a hankali, da tunanin da mai rubutu ya yi a kansa. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023, wanda ya hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ya bar wa mai nema damar bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, wannan rubutu ne wurin da ɗalibi ke iya faɗin inda ya fito. Wasiƙar Faransa kuwa ba ta son dogon labari. Tana son tsari: ga abin da na karanta, ga abin da wannan jami'a ke koyarwa da ya dace da shi, ga aikin da nake son yi daga baya. Wanda ya aika wa jami'o'i uku wasiƙa ɗaya, sunan gari kawai ya canja, ya nuna bai duba abin da kowacce ke koyarwa ba.

Maganganu biyu da ya kamata a gama a gida

Ta farko ita ce zaɓin fanni. Idan uba yana son likitanci, yarinya kuma zuciyarta na ga aikin gona ko lissafin kuɗi, wasiƙar za ta fito ba rai, domin da wuya mutum ya kare abin da bai yarda da shi ba. Iyaye suna da haƙƙin faɗin ra'ayinsu, su ne za su ɗauki nauyi, kuma sun fi sanin halin aljihun gida. Amma a yi wannan muhawara a gama tun kafin a fara rubutu, a dubi makin yaro da idon gaskiya, a kuma saurari dalilinsa.

Ta biyu ita ce sirrin gida. Wasu tambayoyin na neman labarin wahalar da ɗalibi ya sha, wanda zai iya taɓa rasuwa, rabuwar aure, karyewar jari, ko gudun hijira irin wanda rikicin yankin Tafkin Chadi ya jawo wa iyalai da yawa. Ba dole ba ne a faɗi komai. Yaro da iyayensa su zauna su amince da abin da zai fita da abin da zai tsaya a gida. Idan an yarda a faɗa, a taƙaita wahalar, a ba abin da yaro ya yi a cikinta fili mafi yawa. Ƙara gishiri don neman tausayi kuwa haɗari ne, domin wasiƙun malamai da sauran takardu na iya saɓa masa.

Gyara ba tare da ƙwace alƙalami ba

Iyayen da suka yi boko su ne suka fi fuskantar jarrabawar karɓe aikin. Malami ko ma'aikacin gwamnati zai ga jimlar ɗansa ta yi rauni, ya gyara ta, ya gyara ta gaba, kafin ya ankara wasiƙar ta koma muryar mutum mai shekara 50. Hanyar da ta fi ita ce a nuna wurin da ke da matsala a bar wa yaro gyaran. A ce masa nan ban gane abin da kake nufi ba, nan ka maimaita, nan kuma ina son ƙarin bayani. Kuskuren rubutu da na nahawu babu laifi a nuna shi, kuma malamin Faransanci ko na Turanci a makarantarsa ya fi kowa dacewa da wannan. Masu karatu biyu ko uku sun isa. Idan kowa a dangi ya sa hannu, abin da zai rage ba na kowa ba ne.

Akwai gwaji mai sauƙi da uwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta iya yi. Ta sa yaro ya ajiye takardar, ya faɗa mata da Hausa abin da ya rubuta, sakin layi bayan sakin layi. Inda ya kasa fassarawa, ko dai ba shi ya rubuta ba, ko kuma bai san abin da yake nufi ba. Inda ta ji abin da ta san ba haka ya faru ba, ta tsayar da shi. Idan ta saurara har ƙarshe ta ji ɗanta ne ke magana, wasiƙar ta kama hanya. Wannan zama kuma shi ne atisayen ganawar da ke jiran sa.

Lokaci, kuɗi da masu shiga tsakani

Sauran aikin iyaye na fili ne. Rubutu mai kyau yana buƙatar a sake shi sau uku ko huɗu, da 'yan kwanaki tsakani, don haka wanda zai miƙa a Disamba ya fara tun Oktoba. A Amurka wa'adin farko yakan faɗo a farkon Nuwamba ko tsakiyarsa, na gama-gari kuma a farkon Janairu. A Ingila masu neman likitanci, ko Oxford da Cambridge, suna miƙawa a tsakiyar Oktoba. A rubuta ranakun a manna a bango. A rage wa yaro aike da zaman shago a waɗannan makonni, musamman 'ya'ya mata da aikin gida ke cinye musu yamma. A tanadi kuɗin intanet, kada kuma a jira daren ƙarshe, lokacin da wuta ko layi ke iya ɗaukewa.

Kafin a kashe kuɗi a kan wata ƙasa, a bincika halin bizarta a wannan shekara, domin dokokin na canjawa. A Yunin 2025, alal misali, Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa 'yan ƙasarsu ƙofar shiga. Shawara ta gaskiya tana samuwa a ofisoshin Campus France, kamar na Yawunde, Duwala da Njamena, da cibiyoyin EducationUSA na ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Neman tallafin Turkiyya kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya tabbatar wa yaro gurbi, yana sayar da abin da ba ya hannunsa.

Wasiƙa mai kyau ba ta maye gurbin maki, kuma ba ta hana a ƙi ɗaukar yaro, domin gurabe kaɗan ne, masu nema suna da yawa. Ya kamata iyaye su faɗa masa haka tun kafin amsa ta zo, su kuma sa shi ya nemi gurbi a jami'o'in gida a lokaci guda, kada ya zauna shekara a banza. Wanda ya zauna da iyayensa ya tantance abin da yake son karantawa da dalilinsa, ya kuma rubuta da hannunsa, zai yi amfani da wannan aiki a neman tallafi na gaba, da ranar da zai nemi aikin yi.